Ɗakuna Sun Cika, Aiki Bai Dawo Ba: Otel-otel ɗin Marwa Tun Daga 2013

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, kuku ne. Ya yi shekara goma sha wani abu a kicin ɗin wani otel a Marwa, a arewacin Kamaru, kuma a lokacin shekararsa kashi biyu ce: lokacin baƙi, daga Nuwamba zuwa wajen Mayu, sai kuma damina, sa'ad da yake samun sararin leƙa gonarsa. Idan lokacin baƙi ya kama, tun kafin kiran assalatu yana tsaye yana shirya guzurin masu tafiya gandun dajin Waza: burodi, dafaffen ƙwai, gasasshiyar kaza, ruwa mai sanyi a cikin kula. Ya san Bafaranshe yana son namansa da sauran jini a ciki, ya san wanda cikinsa ba ya ɗaukar barkono tun daga yadda ya kalli kwano. Yau yana da rumfar shayi da wainar ƙwai a bakin titi, wayarsa kuma kullum tana aljihun gaba, don ko yaushe wani otel zai iya kiransa ya zo ya yi kwana biyu ko uku.

Wanda ya ratsa Marwa a 'yan shekarun nan ya ga sababbin benaye da fararen motocin ƙungiyoyin agaji jere a harabar otel-otel, zai ce harka ta farfaɗo. Ta fuskar ɗakuna yana da gaskiya. Amma aikin da ɗakunan nan suke samar wa mutane ba shi ne na da ba, kuma bambancin ya fi fitowa a aljihun irin su kawu fiye da a littafin mai otel.

Kafin 2013 Marwa ƙofa ce. Baƙo yana sauka a filin jirgin sama na Salak, ko ya hau jirgin ƙasa daga Yaunde zuwa Ngaundare ya ƙarasa da mota ta Garwa, ya kwana a Marwa, daga nan ya bazu. Gandun dajin Waza, wanda aka keɓe tun 1934, aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 1979, shi ne babban abin da ke jawo su: raƙuman dawa, giwaye, zakuna, jiminai, a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,700. An fi ganin namun a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya ƙona komai suka taru a bakin tafkuna. Ta yamma kuma akwai duwatsun Kapsiki da ƙauyen Rumsiki da bokansa mai duba da ƙaguwa, akwai fadar Ujila kusa da Mora, ta gabas akwai tafkin Maga da gidajen ƙasa na Musgum a Pus.

Ɗan yawon buɗe ido baƙo ne mai cin hannuwa da yawa. Yana karyawa a otel, yana dawowa da ƙura a kai masa kaya wanki, yana cin abincin dare kashi-kashi, yana zama bakin wurin wanka har dare. Yana bukatar direba da mota mai shiga daji, da ɗan jagora mai jin Faransanci ko Turanci ko Jamusanci. Kafin ya tafi sai ya biya ta kasuwar masu sana'ar hannu ya sayi jaka ko takalmi ko matashin fata, wato kuɗinsa ya isa ga baduku, daga baduku zuwa majemi, daga majemi zuwa mahauci. A nan ne yawancin mutanenmu suke cin abinci. Gidajen Hausawa da Fulani da dama ba sa son ɗansu ya yi aiki inda ake sayar da giya, shi ya sa teburin karɓar baƙi da mashaya suka fi zama a hannun wasu. Namu suna kicin, suna tuƙi, suna kawo nama da kayan miya, suna canjin kuɗi, suna baza koli a ƙofa. Ba su cikin takardar albashin otel, amma otel ne ke juya musu kasuwa.

Ranar 19 ga Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza. An sako su bayan wata biyu, amma labarin ya riga ya zagaya duniya. A Nuwamban shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe. A Afrilun 2014 aka kama limaman coci biyu 'yan Italiya da wata ma'aikaciyar coci 'yar Kanada a Cere, ba nisa da Marwa. A Mayu aka kwashe 'yan Sin goma masu aikin hanya a Waza, a Yuli aka afka wa Kolofata. Sai Yulin 2015, ranakun 22 da 25, bama-baman ƙunar baƙin wake suka tashi a cikin Marwa kanta, har da babbar kasuwa da unguwar Barmare. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa yankin jan launi a taswirar da take yi wa matafiya gargaɗi da ita, kuma da zarar an yi haka, kamfanin shirya tafiye-tafiye ba zai kawo kowa ba, mai inshora ma ba zai tsaya wa wanda ya zo da ƙafarsa ba. Kamar an yi ruwa an ɗauke.

Otel ba ya korar mutane rana ɗaya, yana da tsarin da yake bi ko da ba a rubuta shi ba. Waɗanda ba su da takarda su ne na farko, kuma su ba sai an ce musu komai ba: ɗan jagora da direban haya da mai koli suna zuwa da safe su zauna ƙarƙashin dalbejiya, su ga ba kowa, bayan 'yan makonni su daina zuwa. Sai masu aikin kaka, waɗanda ake ɗauka a Nuwamba a sallama a Mayu, kawai ba a sake kiransu ba. Daga nan aka shiga ma'aikatan dindindin. Aka fara da hutun dole, aka koma rabin albashi, albashin ya koma zuwa bayan wata biyu ko uku, har mutum ya gaji ya ajiye da kansa, wanda hakan ya fi wa mai otel sauƙi tunda babu kuɗin sallama. Haka ta faru da kawu a 2014. Ba ya zagin maigidansa na da, yakan ce mutumin ya sayar da motarsa ya biya su wata biyu. Amma dai haƙƙinsa na ƙarshe bai fito ba har yau.

Abin da ya ceci gine-ginen shi ne masifar da ta kori 'yan yawon. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a 2013, dubban mutanen Borno suka cika shi, wasu dubban 'yan ƙasa kuma suka bar ƙauyukansu na bakin iyaka. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka buɗe ofisoshi a Marwa. Ga hafsoshin soja, ga jami'an gwamnati masu zuwa aiki daga Yaunde, ga jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tana ta girma tana kawo malamai da masu jarrabawa da iyaye. Ɗakuna suka sake samun masu kwana.

Sai dai wannan baƙon daban ne, kuma a nan lamarin yake. Ma'aikacin ƙungiya yana zuwa da motarsa da direbansa, ba ya neman ɗan jagora, dokar ofishinsa ma ta hana shi yawo. Da daddare yana ɗaki da kwamfutarsa. Alawus ɗin da aka ba shi so yake ya rage ya kai gida, don haka sai ya aika a sayo masa tsire ko gasasshen kifi a bakin titi maimakon ya zauna a ɗakin cin abinci. Abin da yake tambaya kafin ya sauka: akwai katanga da mai gadi, akwai janareto, intanet yana aiki, na'urar sanyi tana yi? Ainihin kuɗin kuwa ba a ɗakin kwana yake ba, yana zauren taro. Taron bita, taron ƙara wa juna sani, taron horar da ungozomomi ko limamai ko shugabannin matasa, mutum arba'in ko sittin na kwana uku, da shayin ƙarfe goma da abincin rana da lemun la'asar. Duk otel ɗin da ya ga haka ya rushe bango ya yi zaure, ya sayi majigi da lasifika.

Taro ba shi da kaka. Wannan makon uku sun haɗu, mako biyu masu zuwa shiru. Kuɗinsa kuma ba hannu da hannu ba ne, sai an kai takardar biya mai lambar haraji, a jira wata ɗaya ko biyu kafin ya faɗo banki. Mai otel da yake cikin wannan hali ba zai ajiye kuku huɗu da masu raba abinci takwas yana biyansu duk wata ba. Zai riƙe 'yan kaɗan, sauran ya tara lambobinsu a waya. Su ne ake kira ekstira. Sababbin guraben da suka samu gindin zama kuwa na wasu mutane ne: akawu mai iya cike takardun ƙungiyoyi, yaro mai lura da janareto da intanet, da masu gadi, waɗanda su ma sau da yawa ba ma'aikatan otel ba ne, wani kamfanin tsaro ne ya kawo su yana cire nasa a kan kowannensu.

Na taɓa raka kawu irin wannan aiki, na taya shi ɗaukar tukwane. Tun ƙarfe biyar yana yankan albasa. Shinkafa buhu guda, miyar tumatir, kaji, soyayyar ayaba, ganye kaɗan a gefe. Babu abin da ya koya a shekarunsa na da wanda ya shiga tukunyar nan, duk wata mai abincin biki za ta iya. Manajan, yaro ne da bai kai ɗan kawu na fari ba, ya leƙo yana duba agogo.

"Baba, don Allah ƙarfe ɗaya daidai, jiya sun yi ƙorafi."

"In sha Allahu, yallaɓai. Gas ɗin ne dai ya kusa ƙarewa."

"A lallaɓa, Baba. Ba su biya na wancan watan ba tukuna."

Da la'asar aka kira su ɗaya bayan ɗaya a bayan kicin, aka danƙa wa kowa nasa a hannu, babu sa hannu, babu takarda. Ragowar shinkafar aka raba a leda. Kawu ya wanke wuƙarsa, wadda da ita yake zuwa daga gida domin ba ya yarda da ta kowa, ya naɗe ta a tsumma, muka hau babur.

A takarda, ma'aikaci yana da kariya. Mafi ƙarancin albashi a Kamaru ya tsaya a sefa 36,270 tun 2014, sai a Maris 2023 aka ɗaga shi, aka sa 60,000 ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu in ban da na noma. Wajibi ne kuma a yi wa ma'aikaci rajista a CNPS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, ana cire masa wani kaso, maigida yana ƙara nasa, domin fansho da haɗarin aiki da kuɗin iyali. Amma dokar ƙwadago ta 1992 ta yarda da aikin wucin gadi da na ɗan lokaci da na kaka, kuma ta wannan ƙofa ake shigar da abin da ya fi ƙarfin ƙofar. Mutumin da ake kira kwana shida a wata ba shi da albashin wata balle a auna shi da 60,000. Fansho kuma yana bukatar shekara 60 da haihuwa da zubin watanni 180. Duk wanda aikinsa ya yanke a 2014 bai cika ba, kwanakin ekstira ba za su cika masa ba ko da ya shekara goma yana yi. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi kowace girma, kuma ita ce ba a gani, domin sai mutum ya tsufa take bayyana.

Ban ce masu otel suna kwance kan kuɗi ba. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, daidai lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40 kuma ba mai kwana ba sanyi. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage, ba su kawar ba. Janareto kuwa gas yake sha, gwamnati ta ƙara kuɗin mai a Fabrairun 2023 ta sake ƙarawa a Fabrairun 2024, man Najeriya na bakin titi da ake kira zuwa-zuwa shi ma ya yi tsalle bayan cire tallafi a Mayun 2023. Ga harajin kwana da aka ɗora tun 2017. Ga kuma gidajen haya masu kayan ɗaki da ƙananan masaukai marasa lasisi, waɗanda mai gadi ɗaya da mai shara ɗaya sun ishe su, suna janye baƙon da zai yi wata guda. Mai otel ba zai yi ciniki da kamfanin wuta ba, ba zai yi da gidan mai ba, ba zai yi da ofishin haraji ba. Ma'aikaci ne kawai yake lanƙwasuwa. Na fahimci lissafin, amma fahimta ba ta mai da shi adalci ba, musamman ga gidajen da suke karɓar kuɗin taro daga ƙungiyoyin da ke wa'azin haƙƙin ɗan Adam a cikin zaure, alhali wanda ya dafa musu abinci ba shi da ko takarda. Ƙungiyoyin nan suna tambayar lambar harajin otel kafin su ba shi aiki. Da za su tambayi takardar CNPS ta masu hidima da irin wannan naci, da an ga canji.

Sai korona ta zo a Maris 2020, aka rufe iyakoki, aka taƙaita taruwa, zaurukan suka yi tsit na wasu watanni. Wannan karon ba a ma sha wahalar sallamar kowa ba, an daina kira ne kawai.

Garwa ta nuna wata fuskar lamarin. Saboda gasar cin kofin Afirka, wadda aka ƙwace daga Kamaru a 2018 aka dawo mata da ita daga baya, an gina otel-otel an gyara wasu, an ɗauki matasa an koya musu shimfiɗa gado da ɗaukar faranti. A Janairun 2022 filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11, ta ci wasanninta uku duka, mutanen Yola da Mubi da Kano suka cika gari, Hausa ta zama harshen kowace harabar otel, mai ɗaki ɗaya a gidansa ma ya samu baƙo. Ranar 23 Tunisiya ta fitar da Najeriya, washegari motoci suka kama hanyar iyaka. Wasu 'yan Marwa sun gangara sun yi aikin makonnin nan, kawu ma ya je, ya dawo da kuɗin da ya sayi firijin rumfarsa. Garwa dai tana da abin da Marwa ba ta da shi: hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton, jigilar alhazai, masu farauta da ke zuwa dazuzzukan Binuwai da Faro, ga kuma tata sabuwar jami'ar da aka kafa a 2022. Duk da haka gadajen da aka tanada don gasar 'yan makonni sun fi ƙarfin baƙin kullum.

Matasa masu ilimin sana'ar kuwa akwai su. A Ngaundare akwai makarantar koyon aikin otel da yawon buɗe ido ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka. Amma wanda ya gama ya iya aikinsa, idonsa yana Yaunde ko Duwala ko Njamena, inda manyan otel ke biya. Wanda ya rage a gida yakan faɗa tarkon koyon aiki: a ɗauke shi wata uku ba albashi sai kuɗin babur, in ya gama a kawo wani. Ba kowane gida ke yin haka ba, amma an san masu yi. 'Yan mata sun ƙaru a karɓar baƙi da gyaran ɗakuna, har da 'ya'yan Musulmi a masaukan da ba su da mashaya, waɗanda alhazan gari suka fi ginawa yanzu. Wannan kam sabon abu ne, a zamanin kawu ba a ko tunaninsa.

Akwai wani masauki da ba ya shiga lissafin ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma shi ne namu na asali: gidan fatoma. Bafatake ko mai shanu daga Cadi ko Najeriya ya sauka a zauren maigida a unguwar Hausawa, a ba shi tabarma da tuwo, a ajiye masa kuɗi, a haɗa shi da mai saye, maigida ya ci la'ada. Yaran gida su ne 'yan aike da masu dako da masu rakiya, kuma a nan da yawa suka koyi dillanci. Shi ma rikicin ya taɓa shi, domin da aka rufe hanyar Banki da Amcide da ta Gamboru da Fotokol, fatake sun karkata kudu ta Mubi da Yola. Amma bai mutu ba, saboda baƙonsa ba ya duba taswirar wata ma'aikata a Turai kafin ya taso, farashin albasa da na sa yake dubawa. Wasu tsofaffin direbobin 'yan yawo can suka koma, suna ɗaukar kaya zuwa Kusiri a kan hanyar Mora da Dabanga, wadda ta cinye motoci ba adadi.

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara kuma aka rufe hukumarta ta tallafi, USAID. Ƙungiyar da kuɗinta ya ragu ba za ta fara da yanke magani ko abinci ba, taro za ta fara yankewa, ko ta mai da shi ta intanet, ko ta yi shi a ofishinta da ruwan leda. Otel ɗin da ya ci bashi ya gina zaure yana ji a jikinsa, ekstira kuma sun riga shi ji.

Da na je gaishe da kawu bayan sallar layya, na same shi ya baza takardu a kan tabarma: tsofaffin takardun albashi da suka yi ja, katin CNPS, da wata wasiƙar yabo da wani baƙo ya bar masa da Jamusanci wadda ba mai iya karanta ta a gidan. Ɗansa yana ƙirga watannin zubi da biro a bayan kwalin shayi. Sun ƙirga sau biyu, lissafin bai kai 180 ba, saura 'yan watanni ƙasa da ashirin. An gaya masa akwai tsarin zubin sa-kai da aka buɗe tun 2014, wanda mai sana'ar kansa zai iya biya da hannunsa, yana so in raka shi ofishin ranar Litinin mu ji ko za a haɗa masa da na baya. Muna cikin maganar wayarsa ta yi ƙara, ya zabura ya ciro ta. Mai kawo masa ƙwai ne, yana tambayar kiret nawa zai ajiye.